Shin a taron Nikiya aka zaɓi littattafan Sabon Alkawari?

Nuhu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya a shagonmu na ɗinki gardama ta sarƙe tsakanina da abokin aikina har muka ajiye ɗinkin mutane. Ya ce Sarkin Rum Konstantin ne ya tara bishop-bishop a Nikiya, aka baje Linjiloli tuli, aka ɗauki huɗu aka cinna wa sauran wuta. Na rasa abin da zan ce masa, kuma maganar ta kwana a raina, domin tun ina yaro nake karanta Littafi Mai Tsarki amma ban taɓa tambayar ta inda ya biyo ya iso hannunmu ba. Masu ilimi a cikinmu ku taimaka. Gaskiyar nake nema, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Hannatu:
Sannu Nuhu. Taron kam an yi shi, a shekarar 325, a garin Nikiya da yau ake kira Iznik a Turkiyya, kuma Konstantin ne ya kira shi. Sai dai abin da ya tara su daban ne. Wani limami a Iskandariya mai suna Ariyus yana koyar da cewa Ɗan Allah, wato Yesu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Bishop ɗinsa ya ƙi, rigimar ta raba ikilisiyoyin gabas. Ita suka je kashewa, tare da maganar ranar da za a riƙa yin Ista.

Abin da suka bari a rubuce yana nan har yau: shahadar bangaskiya, da wasiƙar da suka aika wa ikilisiyar Masar, da dokoki 20. Na bi dokokin nan ɗaya bayan ɗaya lokacin da muke makaranta. Akwai yadda ake naɗa bishop, akwai hana ma'aikatan ikilisiya ba da bashi da ruwa, ta ƙarshe ma cewa ta yi a yi addu'a a tsaye ranar Lahadi. Babu ko layi guda a kan waɗanne littattafai za a karɓa. Labarin da ake yaɗawa, wai an tara littattafai a wurin bagade aka yi addu'a, na gaskiya suka tsaya a sama na jabu suka koma ƙasa, a wani rubutu na ƙarni na 9 ya ɓullo, sama da shekara 500 bayan taron. Ƙonawa kuwa an ba da umarninta, amma rubuce-rubucen Ariyus Konstantin ya ce a ƙone. Ina jin daga nan mutane suka cakuɗa zancen.

Auwalu:
Assalamu alaikum. Malama Hannatu, to Linjilar Barnaba fa? Ina da ita, a kasuwa na saya. In ba ɓoye ta aka yi ba, me ya hana a sa ta cikin Baibul, alhali Barnaba abokin tafiyar Bulus ne?

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam. Auwalu, bari ni in amsa maka, tunda ni da kai alƙiblarmu ɗaya, kada ka ɗauka kare gida ake yi. Shekara da shekaru ina koyar da tarihi, kuma ina gaya wa ɗalibaina cewa mu da muka gaji ilimin isnadi bai kamata mu karɓi littafi ba tare da mun tambayi ta hannun wa ya biyo ba.

Wannan littafin, kwafinsa mafi tsufa da Italiyanci yake, na wajen ƙarshen ƙarni na 16, yana ɗakin ajiyar littattafai na ƙasa a Biyana ta Ostiriya. Akwai wani da Sifaniyanci. An fassara shi zuwa Turanci a 1907, zuwa Larabci a 1908, Rashid Rida ya buga shi a Alƙahira, daga nan ya bazu a ƙasashen Musulmi har ya iso kasuwanninmu. Babu shi da Helenanci, babu shi da harshen Suryani, babu shi da na Kibɗawa. Kuma ka duba cikinsa da idon basira. Ya ce Annabi Isa ya shiga jirgin ruwa ya tafi Nazarat, alhali Nazarat gari ne a kan tuddai, babu teku a bakinsa. Ɗan ƙasar ba zai yi wannan kuskuren ba, kamar a ce Bakano ya rubuta cewa ya sauka daga kwalekwale a gindin Dala. Ya ce bikin Jubili, wato shekarar 'yanta bayi, duk shekara 100 ake yi, Attaura kuwa 50 ta ce. Paparoma ne a shekarar 1300 ya kafa na shekara 100.

Wanda ya fi damuna shi ne saɓaninsa da Alƙur'ani. A ciki an sa Annabi Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, Alƙur'ani kuwa Almasihu Isa ɗan Maryam yake kiransa. Ya ce Nana Maryam ta haihu ba tare da zafi ba, Suratu Maryam kuwa ta ce naƙuda ce ta kai ta gindin dabino. Ya ce sammai tara ne. Wanda ya riƙe littafin nan hujja ya riƙe abin da zai sare shi.

Auwalu:
Malam, na ji. Amma na karanta cewa sunanta ya fito a wani tsohon jerin littattafan da coci ya haramta.

Malam Kabiru:
Haka ne, sunan ya fito a wani jeri na wajen ƙarni na 6. Suna ne kawai, matanin bai tsira ba, kuma babu abin da ya haɗa shi da wanda ke hannunka sai sunan. Akwai kuma Wasiƙar Barnaba, wadda ita tsohuwa ce da gaske, ta tsakanin shekarar 70 da 135, amma ita gicciye take tabbatarwa. Mutane suna haɗa ukun su mayar da su abu ɗaya.

Yanzu kuma bari in juyo kan Malama Hannatu, domin ban gamsu gaba ɗaya ba. Mun yarda ba Nikiya ba ce. Amma ai an yi Kiristocin farko iri-iri. Ibiyonawa Yahudawa ne da suka bi Isa, suna kiyaye Attaura, sun ƙi Bulus, suna ɗaukar Isa mutum ne kawai. Wani malami Markiyon ya je Rum, wajen shekarar 144 aka kore shi, shi kuwa Tsohon Alkawari gaba ɗaya ya jefar, ya riƙe Luka da ya yi wa gyara da wasiƙun Bulus 10. Wani masani Bajamushe, Walter Bauer, ya kawo hujja a 1934 cewa a wasu yankuna kamar Masar da birnin Edessa na Turkiyyar yau abin da aka kira bidi'a daga baya shi ya riga zuwa, ɓangaren da ya yi rinjaye ne ya sake rubuta tarihi. Me za ki ce?

Hannatu:
Malam, Allah ya ƙara basira, tambayar nan ita ce ainihin gardamar masana har gobe. Ra'ayin Bauer yana da magoya baya, Bart Ehrman na Amurka shi ya fi yaɗa shi a zamaninmu. Kuma ni ba zan musa bambancin ba, ya wanzu, wasiƙar Galatiyawa ma da kanta ta nuna Bulus da Bitrus sun yi sa-in-sa a Antakiya kan cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba.

Inda na rabu da shi shi ne tsarin lokaci. Rubutun Kirista mafi tsufa da muke da shi wasiƙun Bulus ne, Tasalonikawa ta fari wajen shekarar 50, shekara ashirin kacal bayan gicciye. Masana na kowane ɓangare sun yarda bakwai daga ciki nasa ne ba shakka. A cikinsu an riga an fara kiran sunan Yesu a addu'a. A ƙarshen Korantiyawa ta fari akwai kalmar Maranata, da harshen Aramiya, wato Ubangijinmu, zo. Bulus da Helenanci yake rubuta wa Helenawa amma ya bar ta yadda take, alamar addu'a ce da ya tarar a bakin masu bi na farko a ƙasar Yahudiya. Larry Hurtado na jami'ar Edinbara ya ƙare rayuwarsa a kan wannan batu, cewa girmama Yesu cikin sujada da wuri ya fara. Har baƙo ya shaida: wani gwamnan Rum, Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan wajen shekarar 112 cewa Kiristoci suna taruwa kafin gari ya waye suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta, suna rantsuwa ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. Ibiyonawa kuwa sai wajen 180 muka fara jin sunansu, daga bakin abokin hamayyarsu Ireniyus, bishop na Liyon. Wannan bai nuna ba su da tsohon tushe ba, amma rubutunsu da ya tsira guntaye ne da wasu suka ciro.

Malam Kabiru:
Wannan na ƙarshen shi ne damuwata. Mutanen da ba mu ji su ba sai ta bakin wanda ya ƙi su, hukunci a kansu sai da taka-tsantsan.

Hannatu:
Na yarda da kai a nan ɗari bisa ɗari, Malam. Shi ya sa abin da aka tono a Nag Hammadi ya girgiza fagen. A ƙarshen 1945 wasu manoma a kudancin Masar suka ci karo da tulu a gindin dutse, a ciki akwai kundi 13 masu bangon fata, da harshen Kibɗawa, ɗauke da rubuce-rubuce 52. Yanzu suna gidan tarihin Kibɗawa a Alƙahira. Ta nan aka ji wasu daga cikin waɗanda Ireniyus ya yi wa raddi suna magana da bakinsu. A ciki akwai Linjilar Toma, zantuka 114 da aka jingina wa Yesu, babu labarin haihuwa, babu gicciye, babu tashi. Wasu masana suna ganin akwai tsofaffin zantuka a cikinta da ba su dogara da Bisharu huɗu ba. Wasu, kamar Mark Goodacre da Simon Gathercole, sun nuna wuraren da take maimaita irin gyaran da Luka ya yi wa Markus, suka ce ta ƙarni na 2 ce. Ni hujjar na biyun ta fi kama ni. Kuma ga abin lura ga Nuhu: ba a ɓoye take ba, an buga ta an fassara ta, duk mai waya zai iya karantawa yau.

Nuhu:
Yaya Hannatu, to wa ya zaɓa ke nan? Nan ne har yanzu ban gane ba.

Baba Fasto:
Ɗana Nuhu, bari tsoho ya sa baki. Ka san yadda turba take samuwa a daji? Ba wanda yake zama ya zana ta, sawu ne ke yin ta. Yustin, wanda aka kashe a Rum saboda bangaskiya, ya rubuta wajen shekarar 150 cewa ranar Lahadi ana taruwa a karanta abin da manzanni suka rubuta ko littattafan annabawa gwargwadon yadda lokaci ya bari, sannan shugaba ya yi gargaɗi. Abin da ake karantawa mako-mako, daga Siriya har Faransa ta yau, shi ya zama turbar. Ireniyus, bishop na Liyon, wajen 180 ya riga ya ce Bisharu huɗu ne, kamar kusurwoyin duniya huɗu. Ka lissafa, shekara 145 kafin Nikiya.

Akwai labarin da ba na iya karanta shi idona bai cika ba. Ranar 17 ga Yuli, 180, an gurfanar da wasu Kiristoci 'yan wani ƙaramin gari, Sikili, gaban gwamna a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau. Gwamnan ya tambayi jagoransu Siferatus me ke cikin akwatinsu. Ya ce littattafai ne da wasiƙun Bulus, mutum mai adalci. Aka ba su kwana 30 su sake tunani, suka ce ba sa bukata. Su 12 aka sare a ranar, maza da mata. 'Yan Afirka ne, talakawa, babu sarkin da ya zaɓa musu littafi, sarauta ma ita ke kashe su.

Gefen turbar kam ya daɗe bai daidaita ba, wannan ba na ɓoye maka. Yusibiyus na Kaisariya, wanda shi kansa ya halarci Nikiya, ya rubuta cewa Yakubu, Yahuza, Bitrus ta biyu, Yahaya ta biyu da ta uku ana jayayya a kansu, Wahayi kuma wasu sun karɓa wasu sun ƙi. Jeri na farko da ya zo daidai da littattafai 27 na hannunmu yana cikin wasiƙar Ista da Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta a 367. Har yau ikilisiyar Habasha tana lissafa littattafai 81 a Baibul ɗinta, har da na Anuhu.

Istifanus:
Baba, da girmamawa, ni ban ga amfanin baje wannan a fili ba. Akwai yara a zauren nan. Kuna gaya musu an yi jayayya kan Bitrus ta biyu, gobe su ce to me ya rage? Maganar Allah ce, a bar ta haka.

Baba Fasto:
Istifanus, na fahimci tsoronka, ni ma na taɓa yin irinsa. Amma dubi Nuhu. An bar shi haka shekara da shekaru, rana ɗaya a shago aka yi masa tambaya ɗaya ya kasa barci. Gara ya ji daga gare mu. Buɗe Baibul mai bayani a ƙasan shafi, ka je Markus 16, za ka ga an rubuta cewa aya ta 9 zuwa 20 babu su a tsofaffin kwafi. Manyan kundi biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, duk a aya ta 8 suka tsaya. Labarin macen da aka kama da zina a Yahaya 8 ma haka. Masu bi ne suka gano, su ne kuma suka buga a shafin don kowa ya gani. Wanda yake da abin ɓoyewa ba ya yin haka.

Istifanus:
Na ji Baba, amma har yanzu ina ganin wuri irin wannan ajin koyarwa ya fi dacewa da shi.

Mama Saratu:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Ni tun ɗazu ina bi a hankali, jikata ke karanta mini saboda ido. Duk kun yi maganar wane littafi ya shiga wane bai shiga ba. Ni abin da nake so in ji, mutanen nan yaya suke addu'a? Yaya suke azumi? In baƙo ya zo yaya suke yi da shi?

Hannatu:
Mama, kin tambayi abin da na fi ƙauna. Akwai wani ɗan littafi, Didake, ma'anarsa Koyarwa, babi 16 ne gajeru, za a iya karance shi kafin tuwo ya nuna. Ya ɓace ƙarnuka, sai a 1873 wani malamin cocin Girka, Biriyeniyos, ya same shi a wani ɗakin littattafai a Istanbul cikin kundin da aka kwafa a 1056, ya buga shi a 1883. Yawancin masana suna sa shi a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, a yankin Siriya. Atanasiyus bai sa shi cikin 27 ba, amma ya ce a riƙa karanta wa sababbin tuba.

Ya fara da cewa hanyoyi biyu ne, ta rai da ta mutuwa, kuma tsakaninsu akwai nisa. Ya ce a yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Azumi Laraba da Juma'a. Baftisma a ruwa mai gudu. In babu, kowane ruwa. In ba a iya da mai sanyi ba, a yi da mai ɗumi. In duk babu, a zuba a ka sau uku. Mai yi da wanda za a yi wa duk su yi azumi kafin nan. Kan sadaka akwai maganar da ta zauna mini: bari sadakarka ta yi gumi a tafin hannunka har ka san wanda za ka ba.

Baƙo kuwa, ya ce duk wanda ya zo da sunan Ubangiji a karɓe shi. In manzo ne mai yawo, ya kwana ɗaya, in da larura biyu. In ya kai uku, annabin ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba. In ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. In baƙon mai sana'a ne yana so ya zauna, ya yi aiki ya ci.

Baba Fasto:
Da na san wannan babin ina saurayi! A ikilisiyar ƙauyen da na fara aiki wani mai wa'azi ya sauka mana, ya ce kwana uku zai yi. Ya yi mako uku. Kullum dare sai ya ce an nuna masa wani zai ba da abu. Wata gwauruwa ta sayar da akuyarta guda ɗaya ta kawo masa kuɗin a ƙulle a bakin zane, ina tsaye ina kallo, kunya ta hana ni magana saboda baƙo ne kuma ya girme ni. Da damina ta zo ba ta da abin sayen iri. Har yau ina ganin hannunta tana kwance ƙullin nan.

Malam Kabiru:
Allah ya kyauta, Baba. Wannan cutar ba ta bar kowane gida ba, mu ma muna fama da masu cin abinci da addini. Bayanin ruwan nan kuwa ya burge ni, tsarinsa kamar babin tsarki a littattafan fiƙihu, in babu wannan a koma wancan. Amma Malama, na taɓa ganin cewa littafin ya soki masu azumin Litinin da Alhamis. Kin san mu ranakunmu ke nan.

Hannatu:
Gaskiya ne Malam, a babi na 8 yake, kuma kalmar da ya yi amfani da ita mai kaushi ce, munafukai ya ce. Amma an rubuta shi kimanin shekara 500 kafin Musulunci. Da maƙwabtansu Yahudawa yake, waɗanda al'adarsu ce azumin waɗannan ranaku biyu. Masana suna karanta wurin a matsayin shaidar al'umma da ke fita daga cikin Yahudanci, tana neman ranakunta don a bambanta ta. Kusancin ne ya kawo zafin, irin na 'yan gida ɗaya da ake raba wa gado.

Auwalu:
Malam Kabiru, zan sake duba littafin nan da daddare, musamman wurin Nazarat ɗin. In na gani zan dawo in faɗa.

Nuhu:
Ni ma gobe zan kai wa abokina dokokin 20 mu karanta tare a shago, shi ya fi ni Turanci.

Mama Saratu:
Hannatu 'yata, akwai addu'ar cin abinci a ciki? Ina so in kai wa zumuntar mata ranar Laraba.

Hannatu:
Akwai Mama, a babi na 9, a kan gurasa. Ga ma'anarta: kamar yadda gutsuren gurasar nan yake a warwatse bisa tuddai, aka tattara shi ya zama ɗaya, haka ka tattaro ikilisiyarka daga iyakar duniya zuwa cikin mulkinka.

Mama Saratu:
Wannan manomi ne ya yi ta. Wanda ya taɓa yanka dawa a kan tudu, ya ɗaure dami, ya kai rumbu, shi zai faɗi haka. Kafin a ci ake yin ta ko bayan an ci?

Hannatu:
Kafin a ci, Mama. Ta bayan ci tana babi na 10, kuma ya buɗe ta da cewa bayan kun ƙoshi, ku yi godiya kamar haka. Daga kalmar ƙoshin nan masana da yawa suka fahimci cewa a lokacin cikakken abinci ake ci tare a wurin taron. Zan rubuta miki duka biyun da manyan baƙaƙe in turo wa jikarki a daren nan.